Gemu ba ya hana iyo: hujjata a kan salon malam-buɗe-littafi



A makon jiya wani abokin aikina ya shigo ɗakin magani ya tarar da ni a bayan kanta ina jujjuya kafaɗa, ga jakar kayan iyo a ƙarƙashin tebur. Ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Kai dai ba ka jin magana. Mutum ya ba shekara 35 baya, ga iyali, ga aikin tsayuwa tun safe har la'asar, ya rasa abin da zai koya sai iyon da ko samari 'yan gasa suke shakkarsa? In motsa jiki kake so, ba ga titi nan ba, ka yi tattaki mana." Na yi dariya na ci gaba da ƙirga ƙwayoyi, amma maganar ta zauna mini a rai, domin tambaya ce da ta cancanci amsa. Amsar ce na kawo muku yau.

Ga wanda bai saba kallon gasar ninkaya ba, salo huɗu ake yi a duniya. Akwai salon rarrafe, wanda ake jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, shi ne mafi sauri. Akwai na rigingine, akwai na kwaɗo, sai na huɗu, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan ƙwaron nan da muke kira malam-buɗe-littafi. Mai yin sa yakan fito da hannuwansa biyu daga ruwa lokaci guda ya ware su kamar fukafukai, ƙafafunsa kuwa a haɗe suna bugun ruwa sama da ƙasa, irin bugun wutsiyar dabbar tekun nan da ake kira dolfin. Shi ne mafi ƙayatarwa a ido, kuma shi ne mafi gajiyarwa a jiki.

Ra'ayina shi ne, baligin da ya riga ya iya iyo, kuma ba shi da larurar da za ta hana shi, ya dace ya koyi wannan salo, ko da kuwa furfura ta fara fito masa. Sharaɗina guda ne: ya ɗauke shi yadda muke ɗaukar magani mai ƙarfi, wato da awo, a kan lokaci, tare da sanin abin da bai kamata a haɗa shi da shi ba.

Maganin da ba a sha ba

Ina da shekara 32 jinina ya fara hawa. Sau uku aka auna cikin wata guda, kullum yana haura 140 bisa 90. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara 6 a kwance da shanyewar ɓarin jiki, ni ne kuma mai kai masa magungunansa, saboda haka na san inda wannan hanya take ɓullewa. Likita ya ce in rage gishiri, in rage ƙiba, in riƙa motsa jiki, a sake dubawa bayan wata uku.

Na fara gudu bayan sallar asuba, na yi mako uku na bari. Na biya kuɗin gidan motsa jiki na wata uku, na je sau 7. Na sayi keken motsa jiki na ajiye a ɗaki, ya koma wurin rataya tawul. Ni ne kuwa nake tsayawa a tagar ba da magani kullum ina yi wa mutane faɗa don sun daina shan maganin hawan jini da zarar sun ji sauƙi. Tun a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu fama da cututtuka masu daɗewa ne kaɗai suke shan magani yadda aka tsara musu. Motsa jiki ma bai tsira daga wannan ba. Hukumar ta ba da shawarar kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, amma ƙididdigarta ta shekarar 2022 ta nuna kimanin kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan awo. Yawancinmu mun san amfanin abin sarai. Ɗorewa ce take gagararmu. Magani kuwa komai ingancinsa, in yana cikin kwalba ba ya warkar da kowa.

Da yake na iya iyo tun ina yaro, irin na kududdufin bayan gari, sai na koma ruwa, a wani tafkin ninkaya na otal mai tsawon mita 25. Na yi wata biyu ina salon rarrafe, in je in dawo, ina ƙirga layukan ƙasan tafki, har gundura ta soma yi mini sallama kamar yadda ta yi a gudu da keke. Ana nan wata Asabar na ga wani dattijo mai farin gemu ya shiga ruwa ya ratsa tafkin da salon malam-buɗe-littafi, ba haki, ba fantsama, sai ka ce ruwan ne yake ɗaga shi yana ajiyewa. Mutumin Yawuri ne, ya tashi a bakin kogin Kwara, ya koyi salon gasa lokacin da yake aikin ɗamara. Da ya fita na ce bari in gwada. Na yi jifa huɗu, na sha ruwa, na miƙe ina tari kamar ɗan akuyar da aka tsamo daga rijiya. Dattijon ya matso bakin tafkin ya ce, "Likita, kokawa kake yi da ruwa. Ka taɓa jin wanda ya ka da ruwa?" Na ce, "Baba, ni ba likita ba ne, magani nake harhaɗawa." Ya ce, "To, ai ka fi kowa sanin ba a shanye kwalba rana ɗaya."

Shekara uku ke nan da 'yan watanni, ban taɓa yin wata guda ban shiga ruwa ba, sai lokacin jinyar da zan ba ku labari a gaba. Abin da ya riƙe ni shi ne wahalar salon kanta. Tattaki na yau da na jiya duk ɗaya ne a wurina, amma wannan salo kullum akwai abin da ya rage ban iya ba, kullum kuma akwai ɗan abin da na iya yau wanda ya gagare ni makon jiya. Zuciyar babba tana son ta ga tana ƙaruwa, kamar dai ta yaro.

Salon da dabara ta haifa

Tarihin salon ma yana goyon bayan maganar Baba. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka duk gaɓar da ka tura gaba a cikinsa birki ce. A salon kwaɗo hannuwa kan koma gaba ta cikin ruwa. A farkon shekarun 1930 sai wasu masu iyo suka lura cewa dokar gasa ba ta hana a mayar da hannuwan ta saman ruwa ba, muddin tare suka tafi. Wani Ba'amurke mai suna Henry Myers ya gwada haka a gasa a 1933. A Jami'ar Ayowa kuma, wani mai horarwa, David Armbruster, da ɗalibinsa Jack Sieg suka haɗa wannan jifan hannu da bugun ƙafa irin na dolfin wajen 1935. Sai a 1952 hukumar ninkaya ta duniya ta ware shi ya zama salo mai zaman kansa, aka fara fafatawa a kansa a gasar Olamfik ta 1956 a birnin Malbon na Ostareliya. Ashe masu neman sauƙin ratsa ruwa ne suka ƙirƙiro shi, mu ne muka mayar da shi gwajin ƙwanji.

A gasar Olamfik ta Bejin a 2008, ruwa ya cika tabaran Michael Phelps yana tsakiyar tseren mita 200 na wannan salo, har ya daina ganin bango. Ya ci gaba da ƙirga jifansa a zuci, ya zo na ɗaya, ya kuma kafa sabon tarihin duniya. Abin da ya fisshe shi a ranar shi ne jikinsa ya haddace kiɗan salon. Masu cewa kuma jikin baƙar fata bai dace da ruwa ba, sai su tuna da Anthony Nesty na ƙasar Surinam, wanda ya ci zinare a tseren mita 100 na wannan salo a Olamfik ta 1988. A nahiyarmu, Chad le Clos na Afirka ta Kudu ya doke Phelps ɗin kansa a Landan a 2012, Farida Osman ta Masar kuma ta ci tagulla a tseren mita 50 a gasar duniya ta 2017 da ta 2019.

Abin da ya fi shafarmu shi ne, hukumar ninkaya ta duniya tana da rukunin gasa na manya, wanda ke farawa daga shekara 25, ana kasa mutane shekara biyar-biyar har zuwa tsofaffi tukuf. A wannan rukuni doka ta yarda a yi bugun ƙafa irin na kwaɗo a salon malam-buɗe-littafi, bugu ɗaya ga kowane jifan hannu, domin sauƙaƙa wa wanda bayansa ko idon sawunsa ya ƙi lanƙwasa. Masu abin da kansu sun buɗe wa dattawa ƙofa.

Lugude ne, ba sara ba

Kuskuren kowane sabon shiga, musamman namiji mai ji da ƙarfi, shi ne ya ɗauka aikin na hannu ne. Sai ya finciko kansa daga ruwa har ciki, ƙugunsa ya nutse, ya zama a tsaye maimakon a kwance, daga nan kowane jifa ya koma ɗaukar buhu. Mako uku Baba bai bar ni na ɗaga hannu ba. Ya sa na kwanta rubda-ciki a kan ruwa, hannuwa a gefen jiki, in danna ƙirji ƙasa kaɗan in saki, in danna in saki. In ƙirji ya nutsa, ƙugu yakan taso da kansa, motsin ya bi cinya ya bi gwiwa ya ƙare a yatsun ƙafa, kamar yadda in ka kama bakin shimfiɗa ka kaɗa, kaɗawar take tafiya har ɗaya bakin. Daga ƙirji motsin yake farawa. Wanda ya fara shi daga gwiwa, shure-shure kawai yake yi.

Bayan wannan sai kiɗan. A kowane jifan hannu akwai bugun ƙafa biyu: ɗaya lokacin da hannuwa suka shiga ruwa a gaba, ɗaya lokacin da suke fita kusa da cinya. Na farkon yana ɗaga ƙugu ya tura jiki gaba, na biyun yana taimaka wa hannuwa su fita ba tare da ƙugu ya nutse ba. Baba ya ce in tuna matan gidanmu suna lugude a turmi ɗaya: wadda ta saki taɓarya a kan lokaci takan daɗe tana daka ba ta gaji ba, wadda ta saɓa kiɗa kuwa, komai ƙarfinta, taɓaryarta ce za ta yi karo da ta 'yar'uwarta. Ranar da bugu biyun nan suka zauna mini, na ji kamar an sauke mini kaya daga kafaɗa.

Hannuwa kan shiga ruwa daidai faɗin kafaɗa ko su ɗan fi, a hankali, ba da mari ba. Sai a kafa tafin hannu da damtse a cikin ruwa, gwiwar hannu tana sama, a ja jiki ya wuce su. In sun iso cinya kada a tsaya, domin tsayawar nan ita ce kabarin salon. A bar su su fita da saurin da suka zo da shi, su zagayo ƙasa-ƙasa a miƙe, a sake, suna kusan shafar ruwa. Numfashi kuwa, tun kai yana cikin ruwa ake fitar da iska, yadda in baki ya fito shaƙa kawai za a yi. A tura haɓa gaba tana shafar ruwa, kada a ɗaga kai kamar mai leƙen katanga, kuma kai ya riga hannuwa komawa ciki.

Hanyar haɗa waɗannan ita ce a bi su ɗaya-ɗaya. A yi da hannu ɗaya, ɗayan a miƙe a gaba, a je da dama a dawo da hagu. Sai a koma jifa biyu da dama, biyu da hagu, biyu da duka. Takalmin iyo mai faffaɗan baki irin ƙafar agwagwa yana taimaka wa babba ƙwarai a farko, domin idon sawunmu ya riga ya sandare. Daga nan sai a fara jifa uku ko huɗu cikakku, a ƙarasa tafkin da salon rarrafe. Wata biyar na yi kafin na ratsa mita 25 da salo mai tsabta, na kuma shekara da 'yan watanni kafin na haɗa mita 50. Yaro ɗan shekara 10 zai riga ni nesa ba kusa ba, na sani, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma babba yana da abin da yaro ba shi da shi, wato yana fahimtar dalilin kowane motsi, kuma ba wanda ya tilasta masa zuwa.

Kuskurena, da maganar awo

Darasin farko da ake koya wa ɗalibin harhaɗa magani shi ne tsakanin magani da guba awo ne. Na koyar da wannan ga ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki, amma da abin ya zo kaina sai na manta. Da na ratsa tafkin karon farko, daɗi ya kwashe ni, na koma yin tsawo 16 zuwa 20 kullum, kwana biyar a mako. A wata na bakwai kafaɗar dama ta fara suka daga gaba duk lokacin da na ɗaga hannu. Maimakon in huta, sai na miƙa hannu kan kanta na ɗauki dikulofenak, in sha da safe in shiga ruwa da yamma. Na yi kusan mako uku a haka. Ciwon ya kai ba na iya kwanciya a ɓangaren dama, ba na iya ɗauko kwali daga kantar sama, ga cikina ya fara zafi. Likitan ƙashi ya ce jijiyoyin da ke riƙe kan kafaɗa ne suka kumbura saboda yawan gugar da suke sha, ya hana ni ruwa mako takwas, ya tura ni wurin masu gashin ƙashi. Kunyar da na ji ta fi ciwon.

Dikulofenak da ibufurofen da danginsu suna rage kumburi da zafi, amma ba sa gyara salon da ya jawo ciwon. Zafi ɗan aike ne. In ka toshe masa baki, saƙon bai fasa zama gaskiya ba. Ga shi kuma yawan shan su yana jawo gyambon ciki, yana wahalar da ƙoda, musamman ga wanda jikinsa ya rasa ruwa, yana kuma iya ɗaga hawan jini, wato ainihin cutar da ta kai ni tafkin. Ya kamata mai iyo ya bambance abu biyu. Tsamin tsoka da ke zuwa washegari ya wuce cikin kwana biyu ko uku, wannan ba komai. Suka a gaba ko saman kafaɗa lokacin ɗaga hannu, ko ciwon da ke tashin mutum daga barci, wannan umarnin tsayawa ne a je a duba.

Masana motsa jiki sun ƙiyasta cewa wannan salo yana cin kuzari kusan ninki 14 na abin da jiki ke ci a zaune, alhali tafiya da sauri ba ta wuce ninki huɗu zuwa biyar ba. Abu mai ƙarfi haka kaɗan ake sha. Ga yadda nake yi yanzu, kwana uku a mako, minti 40 zuwa 45 kowace rana. Nakan fara da mita 300 na rarrafe da rigingine a hankali don jiki ya ɗumama, in ƙara a kan haka lokacin hunturu. Sai tsawo huɗu na kaɗa jiki ba hannu, tsawo huɗu na hannu ɗaya, sannan tsawo shida zuwa takwas na cikakken salo, ina hutawa kusan minti guda a tsakani. Ragowar lokacin na rarrafe ne da rigingine. Cikin mita 1,200 da nake yi, cikakken salon ba ya wuce mita 200. Dokar da ba na karyawa ita ce, da zarar na ji ƙugu ya fara nutsewa ko hannuwa sun fara jan ruwa a hanyar dawowa, na gama na ranar, domin jifan da aka yi a gajiye shi ne ke cin kafaɗa, kuma shi jiki yake haddacewa. Kwana biyu a mako kuma nakan yi atisayen ƙarfafa bayan kafaɗa da tsokar ciki da igiyar roba a gida. Wanda ke da tsohon ciwon ƙugu ko na baya ya nemi shawarar likita tukuna, domin salon yana yawan lanƙwasa gadon baya.

Jinina yanzu yana zama wajen 128 bisa 82, na kuma rage kilo 7. Ba zan ce salon ne kaɗai ya yi wannan ba, gishiri da tuwon dare ma na rage. Abin da zan iya cewa shi ne, shi ne ya hana ni gudu daga motsa jiki karo na huɗu.

Kafin ka shiga, duba abin da kake sha

Nan ne aikina ya shigo kai tsaye, domin akwai magungunan da ke cikin gidajenmu waɗanda ba sa ga-maciji da iyo mai tsanani.

Sifurofulokzasin, wanda aka fi sani da sifro, da danginsa, waɗanda mutane ke sha barkatai da sunan taifot, suna iya raunana jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi har ta tsinke. Agara ce ta fi shan wannan, amma kafaɗa ma ba ta tsira ba. Tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani game da haka a takardarsu. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 da mai shan firedinisolon ko dekzametason, kuma yana iya ɗaukar watanni bayan an gama shan maganin. Mai shan sa ya dakata da horo mai tsanani, in ya ji ciwon jijiya ya koma wurin likita nan take.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid, sukarinsa na iya faɗuwa yana tsakiyar ruwa, inda gumi da rawar jiki ba sa bayyana da wuri. Ya auna kafin ya shiga, ya ajiye dabino ko lemo mai sukari a bakin tafki, ya kuma sanar da mai gadin ruwa halin da yake ciki.

Mai shan atenolol ko furofuranolol, bugun zuciyarsa ba ya hawa yadda ya kamata, don haka kada ya auna gajiyarsa da bugun zuciya, ya auna da numfashinsa. Kada kuma ya daina shan maganin don zai yi iyo.

Piriton da sauran magungunan mura masu sa barci, da magungunan barci kansu, ba a shan su a shiga ruwa. Tiramadol ya fi su muni, domin bayan maye yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, jijjiga a cikin ruwa kuwa ajali ce in ba Allah Ya kiyaye ba.

Mai asma ya ajiye abin shaƙarsa a bakin tafki, ya kuma guji rufaffen wurin da warin kulorin ya yi yawa. Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana motsa jiki, da wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a a danginsa da ƙuruciya, duk sai da izinin likita. Kowa da kowa kuma, kada a yi iyo inda babu mai kallo, kada a yi gasar riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, domin mutum na iya suma ba tare da ya ji alamar komai ba.

Inda abokin aikina yake da gaskiya

Tattaki ya wadatar, wannan gaskiya ne. Wanda yake tafiya da sauri minti 30 kwana biyar a mako, kuma ya ɗore, ya cika awon da ake nema, kyauta, ba ya buƙatar komai daga abin da na faɗa. Maganata ga wanda tattakin ya gundura ne, irina.

Gaskiya ne kuma wuraren ninkaya masu tsabta sun yi ƙaranci a garuruwanmu, mafi yawansu a otal-otal suke, da kuɗi. Mata sun fi shan wahalar wannan, domin da wuya su samu wuri mai sirri. Da masu waɗannan wurare za su ware ranaku ko sa'o'i na mata zalla, da mace mai gadin ruwa, da sun yi alheri sun kuma ci riba. Amma rashin tafki ba hujja ba ce ta tafiya dam ko kududdufi. Ruwan da ba ya gudu sosai, mai dodon-koɗi a bakinsa, shi ne gidan tsutsar tsargiya, wadda ke ratsa fata ta sa fitsarin jini, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ni ma na yi ta ina yaro. Firazikwantel yana kashe tsutsar, amma ba ya hana a sake kamuwa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi: wannan salo ba na ceton rai ba ne. In kwalekwale ya kife a Kwara, ba wanda zai yi malam-buɗe-littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai. Mu ba baƙin ruwa ba ne, duk wanda ya ga yadda Kabawa ke wasannin ruwa a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya san haka, amma da yawa daga cikinmu mutanen tudu ko shawagi a kan ruwa ba mu iya ba. Bahaushe ya ce iya ruwa fidda kai. Wanda bai iya kwanciya a kan ruwa ya huta ba, bai kuma iya ratsa mita 200 ba tsayawa ba, wannan shi ne karatunsa na farko, shi da 'ya'yansa. Malam-buɗe-littafi karatun gaba ne.

Na gaya wa abokin aikina duk wannan a taƙaice lokacin da muke rufe lissafin magunguna. Ya ce shi dai yana nan a kan tattakinsa, na ce Allah Ya ba shi ɗorewa, domin ita ce abin nema. Da muka fito sai ya tambaye ni ko Baba yana koya wa wanda bai taɓa shiga ruwa ba, yana da yara maza biyu. Na ce ya zo da su ranar Asabar, shi ma ya taho da gajeren wandonsa.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.